Jinin Da Aka Ajiye Gefe

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarin nan nawa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai in daina ja mata rai, in faɗa mata kawai na auri Manzo ko ban aure shi ba. Yarinya, yi haƙuri. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, ido kuma ya fara neman gilashi. Wanda yau ya fara shigowa, ni ce Raliya, 'yar Gangara ta ƙasar Damargu. Abin da zan ba ku ya faru ne a ƙarshen daminar 1989, lokacin ina budurwa, bakina ya fi jikina girma.

Manzo ɗan unguwarmu ne, mai gyaran rediyo. A Abijan ya koyi aikin, ya yi shekaru a can. Dogo ne siriri kamar karan gero, tun yana yaro haka yake, ko tukunya guda ya cinye ba ka ganin inda ta shiga. Yana can ba wasiƙa yake aiko mini ba, kaset yake cikawa da magana ya ba masu dawowa gida. To kaset kuwa a tsakar gida ake sa shi, kowa na ji, ina zai iya maganar so? Sai ya gai da Inna, ya gai da Baffa, ya gai da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har akuyarmu mai karyayyen ƙaho sai da ya tambayi lafiyarta. Can ƙarshe sai ya yi gyaran murya ya yi shiru kafin ya kashe. Wannan shirun shi ne nawa, ni na sani, shi ma ya sani.

Da ya dawo ba wasa ya tsaya yi ba. Aka kai gaisuwa, aka karɓa. Ya tara abokansa suka yi mana gayya, suka nome gonar gero tun daga bakin hanya har gindin aduwa, ni ina kai musu fura ina yi kamar ban san wanda ya tara su ba. Lefe ya zo a akwatin ƙarfe shuɗi mai zanen furanni: atamfa, shadda ruwan toka, kallabi, takalmi mai tsini wanda ban iya tafiya da shi ba, da sarƙar azurfa da ya sa Aghali maƙeri ya ƙera mini a kasuwar Tanut. Akwatin na ƙarƙashin gadon Inna. In ba kowa a ɗakin sai in ja shi in buɗe, in shaƙi ƙamshin sabuwar atamfa, in rufe. An ce sai an gama girbi a ɗaura.

Mutum ɗaya ne bai saki jiki ba, shi ne Baffa Idrisa, ƙanen mahaifina. Tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da mu, shi ne kuma zai ba da aurena. Ya yi aikin masinja a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, a Tanut, don haka yana ganin ba takardar da ta fi ƙarfin idonsa a ƙasar nan. A shekarar ne rediyo ta cika da maganar wani sabon ciwo, sida, ana cewa ba shi da magani, ana cewa daga biranen bakin teku ake kwaso shi. Baffa sai ya dubi rediyo, ya dubi Manzo in ya zo gaisuwa, ya ce, "Yaron nan dai ba ya ƙiba."

Inna ta ce, "Haka ubansa yake."

"Ubansa bai je Abijan ba."

Ana cikin haka yayata Balki, wadda ta zo gida goyon ciki, mijinta na Libiya neman kuɗi, ta haihu da hantsi. Yaro ya faɗo lafiya, jini kuwa ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Allah ya taimake mu babban yayanmu Barmo na gari da kamiyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya. Barmo direba ne, yana jigila tsakanin Damagaram, Agadas da Arlit, ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Shi ne tinƙahon gidanmu. Ya sunkuci Balki kamar 'yar tsana ya sa a gaban mota. A likitar Tanut, ƙaramin asibitin garin, suka tsai da abin da za su iya tsayarwa, suka ce mu wuce Damagaram, mu tafi da maza masu lafiya da za su ba ta jini.

Baffa ya waiga ya ga Manzo, wanda ya biyo mu a bayan motar ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na ga idon Baffa ya yi wani haske. Ya ce, "Kai ma ka zo. Suruki ai ba noma kaɗai yake wa gida ba."

Manzo ya durƙusa ya ce, "Ko ba ka ce ba, Baffa."

Ni a lokacin murna na yi. Sai daga baya na gane Baffa ya ji a rediyo cewa ana auna duk jinin da aka bayar, ya ga ashe ga hanyar da zai leƙa cikin jikin Manzo ba tare da ya tambaye shi ba.

A asibiti aka soki yatsun mazan, aka ce Barmo da Manzo duk jininsu ya dace da na Balki. Baffa aka ce shekarunsa sun wuce. Aka shiga da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da auduga a gwiwar hannu. Muka zauna a baranda muna ta salati. Can aka rataya wa Balki jakar jini ɗaya. Jaka ɗaya fa, jama'a. Tana ƙarewa sai wata ma'aikaciya ta fito ta ce ana bukatar ƙari, ko akwai wani?

Baffa ya miƙe tsaye a hankali. Ya ce, "Mutum biyu suka bayar."

Ta ce, "Na sani. Akwai wani?"

Ya nuna ni da haɓa. "Ke, tashi."

Madam Tabawa ake kiran ma'aikaciyar, gajeriya, baƙa, da gilashi rataye a wuya da zare. Ta shigar da ni wani ɗan ɗaki mai warin magani, ta rufe ƙofa, ta ja kujera ta zauna har gwiwarta na taɓa tawa. Na miƙa hannu na runtse ido. Shiru ba allura. Na buɗe ido na ga ni take kallo.

Ta ce, "'Yata, wa ya turo ki?"

"Baffa."

"Na ga Baffa ya turo ki. Ke fa, kina so?"

Na ce, "Yayata ce."

"To saurara. Duk jinin da muka ɗiba sai mun auna shi kafin mu sa wa wani. Muna duba ciwon shawara, muna duba ciwon nan sida da kike ji a rediyo. In ba ki yarda a auna ba, ba zan ɗiba ba, ba kuma wanda zai ji dalili daga bakina. In kin yarda, abin da muka gani ke kaɗai zan gaya wa, in kina son ji. Ba Baffa ba, ba Inna ba, ba mijin da za ki aura ba. Kin gane? Maimaita mini abin da na ce."

Ni da ko zanen sallah ba a taɓa tambayata wane launi nake so ba, ga babbar mace mai farar riga ta rufe ƙofa, ta bar aikinta, tana jiran abin da zai fito daga bakina. Ni mai baki, sai ga ni ina i'ina. Na maimaita mata, na ce na yarda, ina kuma son ji. Sannan ta ɗaure mini hannu da roba.

Jinina ya shiga, Balki ta buɗe ido ta nemi ɗanta. Washegari Madam ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, mu ukun da muka ba da jini, kowa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Ni ta ce mini lafiya lau. Manzo ya shiga ya fito, fuskarsa yadda take kullum. Barmo ya shiga ya fito yana dariyarsa, ya ce bari ya je ya duba motarsa a tasha.

Baffa dai ya kasa zama. Ya gyara babbar rigarsa, ya karkata hula, ya tare Madam a baranda, ni ina zaune ina wanke kwanonin jinya ina ji.

"Madam, ni ne mai gidan nan duka. Jaka biyu kuka ɗiba a wurin maza, ɗaya kuka sa. Ɗayar ta wa ce?"

Ta ce, "Malam, jini kan ƙi amfani don dalilai da yawa."

"To faɗa mini dalilin, da sunan mai shi."

"Ba zan faɗa ba."

"Kin san ko ni wa ne? Na yi aiki da kumandan-kumandan tun kina goye!"

"Ko kumandan ne da kansa ya zo, abin da zai ji ke nan."

Baffa ya sassauta murya, ya matso. "Ke ma uwa ce. 'Ya zan aurar. Kina so in jefa marainiya a rijiya ido rufe?"

Madam ta cire gilashinta ta goge da bakin riga. Na ga maganar ta taɓa ta. Ta ce, "Ba na so. Amma waɗanda suka shiga ɗakin nan sun miƙa mini hannu ne bisa alkawari. Ranar da na karya shi sau ɗaya, ba wanda zai sake ba da jini a garin nan, mai haihuwa ta gaba kuwa sai ta mutu a kan gadon can. Hanya ɗaya ce: mai jini ya kawo ka da ƙafarsa, ya ce mini in faɗi nasa a gabanka. Ran nan zan faɗa."

Ta juya ta shige. Ban taɓa ganin wanda ya bar Baffa tsaye da baki buɗe ba sai ita.

Muka koma Gangara da Balki da jaririnta. Kafin suna, gari ya ɗauka. Baffa bai yi shela ba, amma ya gaya wa matarsa, ita kuwa cikinta ba ya riƙe ko ruwa. Aka ce jinin Barmo ne ya ceci Balki, na ɗan Abijan kuwa an zubar. Ai biri ya yi kama da mutum, in ji su, dubi ramarsa. Tsofaffi suka riƙa zuwa suna sa wa Barmo albarka, Inna ta dama masa fura da nono mai kauri wai ya mai da jininsa. Manzo kuwa rumfarsa ta gyaran rediyo ta zama kamar kufai. Wani har aikowa ya yi a karɓo masa rediyonsa ba a gama gyara ba, ya ce a goge da toka kafin a shigar masa gida.

Baffa ya kira Manzo zaure. Ni ina bayan danga, kunne a manne.

"Magana ɗaya ce. Ka shirya mu koma Damagaram, ka ce wa matar nan ta faɗi naka a gabana. In lafiya ne, ranar da muka dawo zan sa rana."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Me ya fi wannan sauƙi?

Sai na ji muryar Manzo, a hankali. "Baffa, ka gafarce ni. Ba zan je ba."

"Me ka ce?"

"Ba zan iya ba."

"To ka amsa da bakinka ke nan. Ruwa ba ya tsami banza."

"Ban amsa komai ba, Baffa. Na dai ce ba zan je ba."

Na zauna a ƙasa nan bayan danga, kaji na tsallaka ni.

Da la'asar na ɗauki kwano kamar zan kai niƙa, na bi ta rumfarsa, abin da budurwa mai kunya ba ta yi. Yana zaune ya sunkuya a kan wata tsohuwar rediyo da ba ta kowa ba ce, yana kwance ta yana ɗaurawa.

Na ce, "Kai, dube ni."

Ya ɗago.

"Kana da shi?"

"Me zuciyarki ta ce miki?"

"Ban zo wasa ba! In ba ka da shi, mota ce kawai za ka hau. In kana da shi, ka gaya mini ni kaɗai, ba sai na ji a bakin rijiya ba."

Ya ajiye abin kwance ƙusar da ke hannunsa. Ya ce, "Raliya, ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba kuma zan taɓa cutar da ke ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"Iyakarsa ke nan? Ni ban kai ka hau mota saboda ni ba?"

"Kin kai in tafi Damagaram a ƙasa."

"To?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma bakin nan ko motsi. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, na ce masa matsoraci, na ce masa mai taurin kai kamar jakin Buzu, na ce ya je ya auri rediyonsa. Ya bar ni na gama. Da na juya zan tafi sai ya ce, "Kin manta kwanonki." Haushi ya ƙara kama ni, na fizge na tafi ina kuka a hanya kowa na gani.

Barmo a kwanakin nan ya yi tafiya Damagaram ya dawo. Ya rage dariya, amma wa ya kula? Duk hankalin gida na kaina. In ya ga ina kuka sai ya tashi ya fita.

Baffa ya yanke hukunci: a mai da lefe. Ran nan da safe aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, aka ajiye a tsakar gida kusa da turmi. Tsofaffi biyu na dangi suka zo da gammo za su ɗauka. Inna ta ce in ciro sarƙar azurfar da na ɓoye a cikin matashi, don ta san halina. Na ciro na jefa a kan akwatin. Balki na bakin ƙofa tana shayarwa, tana share hawaye da gefen zane.

An ɗora wa tsohuwa ɗaya akwatin a ka ke nan, sai ga Barmo ya shigo, ya tsaya a bakin zaure ya cika ƙofar.

Ya ce, "Iya, sauke."

Baffa ya ce, "Kai kuma fa?"

"A sauke, Baffa. Iya, ku yi haƙuri ku ɗan ba mu wuri, maganar gida ce."

Tsofaffin suka fita suna waige. Barmo ya bi su ya ja ƙyauren zaure ya sa sakata. Ya dawo ya durƙusa a gaban Baffa, ƙaton nan duka, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Abin da zan faɗa nawa ne, ni na ga dama na faɗa, ku huɗu kaɗai na faɗa wa. Jinin da aka ajiye gefe nawa ne. Wanda ke gudu a jikin Balki na Manzo ne. Madam ta gaya mini tun ran nan, ta nemi izinina ta aika da wani jinin nawa Yamai a sake aunawa. Wannan zuwan da na yi, amsa na je karɓowa. Ina da shi."

Jaririn Balki kaɗai ake ji yana tsotso.

A nan kaina ya buɗe, kamar an yaye rufin ɗaki. Maza biyu suka ba da jini kafin ni. In Manzo ya je ya wanke kansa a gaban Baffa, saura wa? Ba sai an faɗi sunan kowa ba, lissafin da ko yaro zai yi ne. Ashe tun a barandar asibiti Manzo ya san lafiyarsa ƙalau, ya kuma san abin da wannan ke nufi. Ya ɗauki zagin gari, ya ɗauki mutuwar kasuwarsa, ya ɗauki zagina, yana kallo za a fitar masa da lefe, maganin abin kuwa na bakinsa, kalma ɗaya. Ni da nake ganin na san Manzo ciki da waje, sai na ji kamar ban taɓa ganinsa ba. Tsoro ma ya kama ni, irin wanda kan kama mutum in ya leƙa rijiya mai zurfi.

Inna ta tashi. Kun san ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta taɓa shi ba. Ran nan ta zo ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta, ta ce, "Barmo." Sai ƙaton nan ya fashe da kuka kamar yaron goye.

Baffa ya daɗe zaune, ya tsufa a gabanmu cikin ɗan lokaci. Can ya miƙe ya zare sakata ya fita, ko hula bai ɗauka ba. Bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya je ya zo da Manzo.

Manzo ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa nesa yadda suruki ke yi. Ya dubi akwatin, ya dubi Barmo, ya gane. Maganar farko da ta fito bakinsa, wallahi da faɗa-faɗa ta fito.

"Haba Barmo! Me ya kai ka? Ai da ka bari."

Barmo ya ce, "In bari ka rasa ta?"

Baffa ya ce, "Yaro, don me ba ka gaya mini ba? Ko a kunne?"

"Ba nawa ba ne, Baffa, balle in bayar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya sunkuyar da kai. "A Abijan mun zauna ɗaki ɗaya da wani Ila, mutumin wajen Tenhiya. Da aka ji abin da ke damunsa, aka fitar masa da tabarma bayan gida, ana tura masa abinci da sanda. Ni na yi jinyarsa, muna ci kwano ɗaya, ga ni ba abin da ya same ni, don ba ta nan ake ɗauka ba. Ni na yi masa wanka da ya cika. Ba ciwon ne ya fara kashe shi ba. Ni na san lafiyata lau, zargi ba zai kwantar da ni ba. Barmo kuwa ciwo da zargi ba za su ɗauku masa tare ba."

Baffa ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Gobe zan tsaya a ƙofar masallaci in wanke ka."

"In ka wanke ni, ka nuna shi."

Gaskiya ce tsirara. Duk garin ya san maza biyu ne suka ba da jini.

Manzo ya ce, "A bar gari da abin da ya ɗauka. Shekara za ta zo ta wuce, su ga ban faɗi ba, su gaji su kama wata maganar. Barmo ya ci gaba da shiga mutane, ya ci abinci da 'yan uwansa, mu yi jinyarsa a cikin gida in lokacin ya zo. Sai dai abu ɗaya." Ya ɗan juyo wajena, bai dube ni ba. "Duk wadda ta shiga ɗakina yanzu, da ita za a haɗa. Ba za a ci abincinta ba, ba za a yi mata kitso ba. Ni na ɗauki nawa da sanina. Ba zan ɗora wa 'yar mutane ba. In an mai da kayan, ba zan riƙe kowa a zuciya ba."

Ku ji fa. Mutumin da na kira matsoraci.

A al'ada budurwa ba ta magana a irin wannan wuri, sai dai ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ni ma ban yi magana ba, karo na farko a rayuwata. Na tashi na ɗauki sarƙar azurfar daga kan akwatin na sa a wuyana a gaban Baffa. Na kama hannun akwatin ɗaya na ja. Ƙarfe ne, ya ƙi tafiya, sai kartar ƙasa yake. Sai na ji ya yi sauƙi. Barmo ne ya kama ɗaya hannun, fuskarsa jiƙe sharkaf. Muka shigar da shi ɗakin Inna, muka tura ƙarƙashin gado.

Tsofaffin da aka sallama da gammonsu ba kaya, su suka kai labari. Kafin azahar Gangara duka ta ji cewa 'yar gidan marigayi ta haukace, ta ce sai mai ciwon Abijan.

Washegari da safe na ɗauki tulu na tafi rijiya, sarƙar na wuyana a waje, ban tura ta cikin riga ba. Mata cike, ana ta hira. Ina sauke tulu hira ta mutu. Wadda ke kusa da ni ta janye gugarta, ta biyun ta ɗauke tulunta ta koma gefe, har ƙawata Jummai da muke kitso tare tun muna yara ta sunkuya tana gyaran ɗaurin zanen da bai kwance ba. Suka ja baya suka bar mini bakin rijiyar duka.

Maganar na kan harshena, jama'a, kalma ɗaya ce, ta ishe ni in mai da kowace wurinta. Sai a lokacin na san nauyin abin da Manzo ya yi ta ɗauka shi kaɗai. Na haɗiye ta. Na zura guga, na cika tuluna har baki ba mai gaggauta ni, na aza a ka da kaina tun da ba mai taya ni. Na ce musu, "A gai da gida." Ba wadda ta amsa. Na kama hanya, don Barmo na jiran ruwan da zan dama masa fura.